Shekara Huɗu Ina Haddar Ƙamus

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a shekara ta tara da samun mulkin kan Dahome, babbar motar da ta kwaso mu daga ƙasar Gana ta sauke mu a tashar Djougou. Ina da shekara bakwai. Kwana huɗu muka yi a hanya, a takure tsakanin ƙullin kaya da ƙafafun mutane, domin gwamnatin can ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasar. Ashe mu ma baƙi ne, ko da yake a Kumasi aka yanke mini cibiya. Inna ta sauko da ƙanwata a goye, tukunya ɗaya a hannu da naɗin tabarma a ka, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Baba ne ya sauko a ƙarshe, rungume da wani abu mai nauyi naɗe cikin farin ƙyalle. Yayarsa, Gwaggo Hajo, wadda ta zo tarbarmu, ta ɗauka Alƙur'ani ne, ta yi bisimilla ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Sai da muka isa gidanta aka kwance ƙyallen, sai ga wani ƙaton littafi mai jan bango, gefensa duk ya ci hannu. Ƙamus ne na Ingilishi. Gwaggo ta dube shi, ta dubi ƙanenta, ta ce, "Idi, wannan ka ɗauko ka bar keken ɗinkin matarka?"

Baba haifaffen Djougou ne, amma tun yana ƙarami fataken goro suka tafi da shi Kumasi, kuma a can ya zama mutum. Ya yi aiki a kantin wani Bature, ya koyi Ingilishi a bakinsa, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa wannan ƙamus, wanda shi ma a wurin mahaifinsa ya gada. Daga baya Baba ya kafa ɗan teburi kusa da gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa da takardun koke. A zangon Kumasi ba a kiransa sai da Akawu, kuma har manya kan rusuna su gaishe shi. Da muka dawo Djougou sunan ya biyo shi, amma da wata irin murya ake faɗinsa. A nan hukuma Faransanci take ji, kasuwa kuma Dendi da Hausa, ba mai neman a rubuta masa ko layi ɗaya da Ingilishi. Mijin Gwaggo ya roƙa masa wata gona a ƙauyen Bariénou. Na tuna ranar farko da ya dawo daga tada kunyar doya, tafin hannunsa duk ya yi bororo, Inna tana shafa masa man kaɗe shi kuma yana ce mata kada ta damu, zaman nan na ɗan lokaci ne, da zarar ƙura ta lafa za mu koma.

Saboda wannan komawar ne aka hana ni shiga lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci. 'Yar Gwaggo, Rakiya, sa'ata ce, kuma a shekarar aka rubuta sunanta. Gwaggo ta ce a haɗa mu a kai mu tare. Baba ya ce a'a, me zan yi da Faransanci a Kumasi, shi da kansa zai shirya ni yadda ranar da muka koma za a ɗauke ni a sa ni gaba da sa'o'ina. Kullum da safe ina bakin rijiya ina jan guga zan ga Rakiya ta fita da rigar makaranta da ɗan allonta na baƙin dutse a hammata. Ni kuma in cika randuna, in share tsakar gida, in wanke kwanukan koko, in ɗauki ƙanwata. Da damina mukan bi matan Bariénou tsintar kaɗanya tun raɓa ba ta bushe ba, mu dawo da kwanduna a ka, a dafa, a shanya, a fasa. Lokacin ɗorawa kuma hannuwana ba sa rabuwa da rawayar garinta. A wurinsu na tsinci yarensu na Yom, a bakin rijiya na tsinci Dendi, duk ba wanda ya zaunar da ni.

Ingilishi ne aka zaunar da ni dominsa. Bayan sallar la'asar Baba yakan shimfiɗa buzu a gindin mangwaron tsakar gida, ya wanke hannu, ya ɗora ƙamus a kan matashi, ni kuma in durƙusa a gabansa da ɗan nisa. Bai san wata hanyar koyarwa ba sai wadda aka bi da shi a makarantar allo, inda ake fara biya wa yaro gajerun surori da baki kafin a rubuta masa babbaƙu. Haka ya yi mini da ƙamus. Ya fara daga kalmar farko ta shafin farko. Zai faɗi kalma in maimaita sau uku, ya faɗi ma'anarta da Ingilishi in maimaita, sannan ya fassara mini da Hausa. Washegari sai na yi tishin na jiya kafin a ƙara sabo. Alhamis da Juma'a hutu. Littafin kuwa ba na taɓa shi, domin takardunsa sirara ne kamar ɓawon albasa kuma hannuna kullum da maiƙo ko toka. Ya ce idan kai ya cika, koyon haruffa aikin wata ɗaya ne.

Da wuya ya tsallake wata kalma. Akwai kalmomin da aka yi wa wata 'yar alama a gefe, idan ya zo kansu sai ya sassauta murya ya ce, "Wannan ta mutu, Uwata, Turawan ma sun daina faɗinta. Amma riƙe ta." Uwata yake kirana domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na taɓa tambayarsa amfanin riƙe abin da masu shi suka yar, ya ce kakannin wasu ne suka yi magana da ita, kuma mai ilimi ba ya san abin da ke yawo a kasuwa kaɗai ba. Haka na haddace bantling, ɗan ƙaramin yaro. Na haddace beldam, tsohuwa mai mugun hali, na haddace brabble, cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai kuma waɗanda ya ce na 'yan tasha ne, ba a sa su a takardar koke, kamar bosh, maganar banza, da bamboozle, a ruɗa mutum a yi masa wayo. Waɗannan su na fi so, domin suna da daɗin faɗi. Jefi-jefi kuma sai in ga ya ɗora babban yatsa a kan wata kalma, kunnensa ya motsa, ya wuce ta shiru. Waɗannan har yau ban san su ba.

Ba zan ce ban ji daɗin karatun ba. Lokacin ne kaɗai Baba yake komawa Akawu, bayansa ya miƙe, muryarsa ta cika. Ni ma na samu abin taƙama. Idan muna carafke da yaran unguwa wata ta yi mini ƙeta, sai in kira ta beldam, ta rasa ko zagi ne ko yabo. Rakiya takan rera mana waƙoƙin lakwal, ni kuma in zubo musu kalmomi da ma'anoninsu ba numfashi har su gaji su ce ya isa. Amma akwai ranar da ta ɗauki tsinke ta rubuta sunanta a ƙasa, ta rubuta nawa a gefensa, ta ce in nuna wanne ne nawa. Na nuna nata. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida na kasa cin tuwo.

Inna tana ganin duk wannan, sai dai bakinta a ɗaure yake. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta yi mini wasa a gaban mutane, ba ta tsaya mini idan an yi mini faɗa, balle a gidan dangin miji ta buɗe baki ta ce ga abin da take so a yi wa 'yarta. Duk shekara idan lokacin rubuta sunayen yara ya matso, sai ta bi ta hannun Gwaggo, Gwaggo ta yi wa Baba magana, Baba ya ce a ƙara haƙuri, ya ji labari ana barin mutane suna komawa. Iyakar abin da Inna take iya yi shi ne zolaya. Akwai wata matacciyar kalma da ta tsinta tana tankaɗe a kusa da mu, anon, wato nan ba da jimawa ba. Idan Baba ya tambaya ko abinci ya sauka sai ta ce, "Anon, Malam, kamar komawarmu Kumasi." Yakan yi murmushi, amma murmushin ba ya daɗewa.

Haka shekara ta bi shekara har huɗu. Rakiya ta kai ga karanta wa uwarta takardar asibiti. Mu kuma muna cikin harafi na uku, ba mu ma raba shi biyu ba.

Abin ya fashe ne wata ranar kasuwa da rana tsaka, ana dakan sakwara. Wani maƙwabcinmu na Kumasi, wanda ya saci hanya ya koma ya dubo, ya biyo ta Djougou ya zauna da Baba a zaure. Ya ce ɗakinmu wasu ne a ciki, wurin teburin Baba kuma wani saurayi ne da keken rubutu, mutane sun yi layi a gabansa. Bayan baƙon ya tafi Baba ya shigo tsakar gida ya ce, kamar yadda ya saba, to sai a ƙara jira. Inna ta ajiye taɓarya. A gaban Gwaggo da mijinta da matan gida duka ta ce, "Malam, Asabe ta shekara goma sha ɗaya. Asabe ba ta san harafin sunanta ba." Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakin mahaifiyata, kuma sau biyu ta faɗe shi. Wata daga cikin matan ta rufe baki da gefen zane. Inna ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka, hawaye na sauka a kan hannunta, ba ta share ba.

Kwana uku Baba bai shimfiɗa buzu ba. A na huɗu ya ce in wanke kayana, za mu Parakou.

An zaɓi Parakou ne saboda Kawu Sule, wan Inna, wanda yake dillancin shanu kuma yana zaune a unguwar Zongo. Ya san mutane, yana jin Faransanci daidai gwargwado, kuma ya ce zan iya zama a gidansa in yi karatu. Da muka sauka ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa Baba na wuce shekarun shiga lakwal, amma maganar ba ta da wuya. Yawancin yaran nan ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai lokacin makaranta ya zo a je gaban alƙali da shaidu biyu a faɗi shekarun da ake so a rubuta. Ni kuwa ƙarama ce a jiki, idan aka ce takwas ba mai musu. Baba ya ce shi ba zai yi ba. Ya ce shekara ashirin yana rubuta wa mutane takarda bai taɓa sa ƙarya a ciki ba, ba kuma zai fara a kan 'yarsa ba, alhali ga takardar haihuwata ta gaskiya daga asibitin Kumasi, da hatimi da komai, a ajiye cikin ƙamus ko lanƙwasa ba ta yi ba. Kawu ya ce, "Akawu, nan ba a tambayarka gaskiya, shekaru ake tambaya." Baba ya ce yarinyar da take da abin da nake da shi a ka ba ta bukatar a rage mata komai.

Makarantar da Kawu ya kai mu tana wajen unguwar Kpébié, dogon gini ne mai rufin kwano da itatuwan dalbejiya a fili. Shugaban makarantar mutumin kudu ne, siriri mai tabarau, bai ɗaga mana murya ko sau ɗaya ba. Ya karɓi takardar haihuwata, ko da yake ba ya jin Ingilishi sosai, lambobi dai iri ɗaya ne a ko'ina. Ya yi lissafi da yatsa a kan teburi, ya yi magana, Kawu ya fassara. Ya ce na wuce ajin farko nesa ba kusa ba, amma idan na taɓa yin karatu a wani wuri zai gwada ni, in na iya ya sa ni tare da sa'o'ina, Faransanci kuwa yaro yakan kama shi da sauri. Na ga fuskar Baba ta washe. Ya ce mini in tashi in fara daga farko.

Na tashi na harɗe hannu a ƙirji na fara. Kalma, ma'ana, kalma, ma'ana, da irin rausayar da muke yi a gindin mangwaro. Lokacin shan iska ne, yara suka taru a taga suna leƙe, wasu suna kwaikwayon muryata. Ban tsaya ba. Na wuce rayayyu, na wuce matattu, na wuce na 'yan tasha, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma ban taɓa yin tishi mai kyau kamar na ranar ba. Shugaban ya bar ni na yi nisa, har ya cire tabarau yana kallona. Sannan ya ɗaga hannu a hankali, ya miƙo mini alli ya nuna allon bango, ya ce in rubuta sunana. Na riƙe allin kamar yadda ake riƙe tsinken tsire. Na tsaya a gaban allon har na ji gumi yana bin bayana. Ya ce to ba komai, ya buɗe ƙamus ɗin Baba a shafin farko ya tura mini, ya ce in nuna masa kalma ɗaya tak cikin waɗanda na faɗa. Ranar na fara ganin cikin littafin daga kusa. Layuka ne baƙaƙe ƙanana kamar jerin tururuwa, duk iri ɗaya. Na ɗago na dubi Baba. Shi kuma ƙasa yake kallo.

Shugaban ya yi doguwar magana da taushin murya. Kawu ya fassara cewa kaina yana da kyau ƙwarai, amma ba zai iya sa ni a babban aji ba tunda ban san harafi ba, ba kuma zai iya sa mai shekara goma sha ɗaya a ajin farko ba tunda ya ga takarda da idonsa. Ya ƙara wata magana a ƙarshe yana miƙa wa Baba takardar, wannan Kawu bai fassara ba. Sai bayan shekaru ya gaya mini cewa mutumin ya ce da ba a nuna masa ita ba, da bai tambaya ba.

Mun tako daga Kpébié zuwa Zongo a ƙasa. Kawu yana gaba, ni ina tsakiya, Baba yana baya da littafi a hammata. Kusa da kasuwa ya tsaya wurin wata Bafulatana ya saya mini wagashi soyayye, wato cukunsu na nono, abin da bai taɓa yi ba, ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tawa. Ya ce, "Uwata, laifin ba naki ba ne. Kin biya daidai." Na so in ce masa wani abu, amma bakina cike yake.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo daga baya. Kafin shekara ta zagayo Baba ya je gaban alƙali da shaidu biyu, ya ɗaga hannu ya ce shekaruna takwas. Inna ta ce da ya dawo ranar bai ci abinci ba, ya daɗe yana wanke hannu a bakin randa. Amma a cikin watannin nan na yi wani irin tsawo, jikina ya fara nuna girma. Da aka kai ni wata makarantar, shugabanta ya dubi sabuwar takardar, ya dube ni, ya mayar wa Kawu ita ba tare da ya buɗe rajista ba. Daga nan aka mayar da ni Djougou, ba a sake maganar lakwal ba. Baba ya yi niyyar koya mini haruffa da kansa, har ya fara, amma idonsa ya soma yin hazo, gona kuma ta ci ƙarfinsa, ni ma na shiga taya Inna sana'ar man kaɗe. Buzun gindin mangwaro bai sake shimfiɗuwa ba. Kalmar ƙarshe da ya biya mini kafin tafiyarmu Parakou ita ce cark, matacciya ce ita ma, ma'anarta damuwar da ke cin rai. A nan karatuna ya tsaya.

Sai da na haura talatin, ina da 'ya'ya huɗu, na shiga ajin yaƙi da jahilci a Parakou, da goyo a bayana. Lokacin Baba ya riga ya rasu. Wata uku ya ɗauke ni kafin in haɗa haruffa, ba wata ɗaya ba kamar yadda Baba ya ce, amma bai yi nisa da gaskiya ba. 'Ya'yana kuwa ban bari ko ɗaya ya wuce shekara shida a gida ba, kuma 'yata ta fari da sunanta nake kiranta a gaban kowa, surukaina suka yi ta magana har suka gaji. Ɗana ne ya duba mini yadda ake rubuta kalmomin Ingilishin da na sa a nan, domin ni da kunne na san su. Yanzu jikokina a waya suke neman ma'anar kalma, kafin ka ƙifta ido ta fito, gobe kuma sun manta ta. Wani lokaci don tsokana sukan karanto mini wata daga farkon ƙamus, in ba su ma'anarta ina tsinke alayyafo, su yi ta mamaki. Idan suka ɗan yi nisa cikin harafi na uku sai in ce musu nan malamina ya tsaya. Ba na jin haushinsa. Mutum ne da aka raba da wurin da ake ganin darajarsa, ya ba ni abin da ya rage masa duka, ta hanyar da ya sani. Nakan dai so a ce ya ƙara ko shekara goma a duniya, in zauna a gabansa da la'asar, in ɗauki alƙalami. Baba bai taɓa ganin rubutuna ba.